Littattafan kasada na matasa da almarar su Odin: me aka ɗauko, me aka bari a baya?

Malamar_Adabi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna kan wani reshe na littattafan matasa da ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, wato ƙagaggun labaran kasada da ake ginawa a kan almarar mutanen Arewacin Turai, waɗanda ƙasashensu a yau su ne Norway da Suwidin da Denmak da Ayislan. Tsarin yawancinsu kusan ɗaya ne: yaro mai shekara 14 zuwa 16 ya wayi gari ya gano cewa yana da jini da ɗaya daga cikin abubuwan bautar da ke cikin almarar, wato Odin ko Thor ko Loki, a damƙa masa takobi ko guduma, ya tara abokai, ya ratsa duniyoyi tara, a ƙarshe ya hana aukuwar yaƙin ƙarshen duniya da suke kira Ragnarok. Ra'ayina shi ne marubutan sun kwaso sunaye da makamai, sun bar abin da ya fi komai nauyi a almarar. A tsoffin labaran babu mai samun abu a banza. Odin sai da ya ba da ido guda kafin ya sha ruwan rijiyar Mimir ya sami hikima. Tyr ya rasa hannunsa na dama. Freyr ya sallama takobinsa saboda matar da yake so, ranar yaƙi kuwa ya fita ba tare da shi ba. Manyansu duk sun san cewa faɗuwa za su yi a ƙarshe, kuma hakan bai sa sun fasa shiri ba. Idan jarumin littafi zai hana Ragnarok ya koma makaranta da gaɓoɓinsa cif, me ya rage na almarar a cikin littafin?

Abban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malama, na fahimci damuwarki, amma ina ganin kin ɗora wa marubutan nauyin da ba nasu ne su kaɗai ba. Wanda yake rubuta wa ɗan shekara 13 yana da iyakar da ba zai ƙetare ba, kuma kamfanonin ɗab'i jerin littattafai suke so, uku ko biyar, saboda haka ba zai yiwu jarumi ya mutu tun a na farko ba. Ɗana yana karanta irinsu, kuma yaron da a da sai an yi da gaske yake buɗe littafi, yanzu shi ne ake ƙwace wa littafi da dare don ya yi barci. A wurina wannan riba ce babba.

Mai_Bin_Tarihi:
Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da muke nufi idan muka ce ainihin almarar, domin mutanen da suka bauta wa Odin da Thor ba su bar mana littafin addininsu ba. Ayislan ta karɓi addinin Kirista wajen shekara ta 1000, bisa shawarar da aka yanke a majalisarsu. Sai wajen 1220, fiye da shekara 200 bayan haka, wani basarake kuma sha'iri mai suna Snorri Sturluson ya tattara labaran a littafin da ake kira Edda. Shi kansa Kirista ne, kuma a gabatarwar littafin an bayyana cewa su Odin mutane ne da suka yi ƙaura daga birnin Troy, jama'a suka ga ƙarfinsu da iliminsu suka ɗauke su abin bauta. Manufarsa ita ce ya koya wa matasan mawaƙa ma'anar tsoffin kirare-kiraren da ke cikin waƙoƙin kakanninsu, waɗanda ba a gane su sai an san labarin da ke bayansu.

Tushe na biyu shi ne wani kundin waƙoƙi da aka rubuta da hannu a kan fata wajen 1270. Ganye 45 ne suka rage a cikinsa, ganye 8 sun ɓace daga tsakiya. Ya daɗe a hannun sarakunan Denmak, sai a 1971 aka mayar da shi Ayislan a jirgin ruwa, jama'a suka yi cincirindo a bakin teku don tarbarsa. Abin da nake son in nuna, Malama, shi ne Snorri ma sake labari ya yi domin matasan zamaninsa, ya daidaita abin da ya tarar a warwatse. Marubutan yau a kan sawunsa suke tafiya.

Malamar_Adabi:
Na gode da wannan bayani, Malam, kuma ban musa ko ɗaya daga ciki ba. Sai dai Snorri da ya sake labarin bai cire masa ƙashin baya ba. Duba yadda ya kawo labarin kyarkecin nan Fenrir, ɗan Loki. Su Odin ne suka raine shi a cikinsu, Tyr kaɗai yake da ƙarfin halin kai masa abinci. Da suka ga yana girma fiye da kima suka ɗaure shi da sarƙa sau biyu, yana tsinkewa. Sai wadanni suka ƙera musu wani siririn zare mai laushi daga abubuwa shida, a cikinsu akwai sautin takun kyanwa da gemun mace da saiwar dutse da numfashin kifi da yawun tsuntsu. Kyarkecin ya ga zaren ya yi siriri da yawa, ya zargi akwai makirci, ya ce ba zai yarda a ɗaure shi ba sai wani ya sa hannu a bakinsa a matsayin jingina. Kowa ya yi shiru yana kallon ɗan'uwansa. Tyr, wanda ya ciyar da shi tun yana ƙarami, ya miƙa hannunsa na dama alhali ya san ba za a kwance shi ba. Da zaren ya riƙe, kowa ya yi dariya ban da Tyr. A cikin wannan ɗan gajeren labari akwai cin amana, akwai sadaukarwa, akwai tambayar ko tsoron abin da yaro zai zama yana halatta a zalunce shi tun bai yi laifi ba. Wane matashi ne ba zai ji wannan a jikinsa ba? Ba ya bukatar a sassauta masa shi.

Ummu_Hanifa:
Ni damuwata daban ce da taku, kuma ina roƙon a ba ni amsa ta gaskiya. Waɗannan labaran gumaka ne. 'Yata ta fara ambaton sunayensu a gida tana ba ƙannenta labari, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin ya dace mu bar yaran da aƙidarsu ba ta gama zama ba su riƙa karanta littafin da jaruminsa ɗan abin bauta ne?

Malam_Na_Zaure:
Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma hukuncin shari'a a kai malamai ne za su ba da shi, ba mu ba. Abin da zan iya faɗa a matsayin wanda ya daɗe yana koyar da yara shi ne, akwai bambanci tsakanin yaron da aka bari shi kaɗai da littafi da wanda aka zauna da shi aka yi masa bayani. Idan kika ce mata waɗannan labarai ne da wasu mutane suka ƙaga a zamanin jahiliyyarsu don su bayyana wa kansu tsawa da girgizar ƙasa da mutuwa, kuma ko a cikin labaran su Odin suna tsufa, ana yaudararsu, suna mutuwa, to kin ba ta ma'aunin da za ta auna abin da take karantawa. Hanawa ba tare da bayani ba sau da yawa ƙara wa yaro kwaɗayin abin take yi. Ki karanta littafin kafin ita, ko ku karanta tare.

Zee_Mai_Karatu:
Anti Ummu Hanifa, akwai wani jerin littattafai uku da suka fito a Amurka tsakanin 2015 da 2017, labarin ya faro ne daga birnin Boston, kuma ɗaya daga cikin manyan jaruman yarinya ce Musulma mai hijabi, tana salla, tana azumin Ramadan, kuma tana yi wa Odin aiki. A cikin labarin ta fito fili ta ce ita ba ta ɗauki su Odin alloli ba, halittu ne kawai masu ƙarfi, Allah ɗaya ne. Ni dai na ji daɗin ganin yarinya irina a littafin da yara suke karantawa a faɗin duniya.

Ummu_Hanifa:
'Yata, wannan ɗin ma bai kwantar min da hankali ba. A haɗa salla da yi wa Odin aiki a jikin mutum ɗaya, ina tsoron ya fi rikita yaro a kan littafin da babu Musulmi a cikinsa sam. Amma shawarar Malam Na Zaure ta karanta littafin tare da ita zan gwada, in sha Allahu.

Mai_Bin_Tarihi:
Tunda an taɓo Musulmi, a sani cewa haɗuwarsu da mutanen Arewacin Turai tarihi ne tabbatacce, ba ƙagen marubuta ba. A shekara ta 921 Halifa Muƙtadir ya aika tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Volga, a cikinta akwai Ahmad ibn Fadlan. A 922 ya sadu da wasu fatake da ake kira Rus, waɗanda masana da yawa suke ganin asalinsu daga yankin Suwidin ne. Ya kwatanta tsawonsu da bishiyar dabino, ya ga yadda suke roƙon gumakan itace su ba su kasuwa, ya kuma halarci jana'izar wani shugabansu, inda aka sa gawar a jirgin ruwa, aka kashe wata baiwa aka haɗa da shi, aka cinna wa jirgin wuta. A tsibirin Gotland na Suwidin kuwa, a 1999 an tono wata taska mai ɗauke da tsabar azurfa sama da 14,000, mafi yawansu dirhami ne na ƙasashen Musulmi. Marubucin da yake neman matashin jarumi mai ratsa duniya bai rasa abin ɗauka a wannan hanyar fatauci ba.

Baffa_Dikko:
Labarin baiwar nan da aka kashe ya tuna min abin da yake damuna da littattafan. Suna nuna mayaƙan Viking, wato maharan teku na Arewacin Turai, a matsayin jarumai masu son 'yanci, ba sa faɗin cewa kama bayi da sayar da su yana cikin manyan sana'o'insu. A 793 sun afka wa gidan ibada na Lindisfarne a Ingila, suka kashe waɗanda ba su ɗauke da makami. A 844 sun kai hari Ishbiliya ta Andalus. Idan za a zargi marubutan da sassauci, to a nan ya kamata a fara, Malama, tun kafin a je ga idon Odin.

Hafsat_Alkalami:
Baffa ya yi gaskiya, amma ina so in dawo da mu kan tambayar Malamar Adabi, domin akwai wani labari a cikin Edda da nake mamakin yadda ba a cika gina littafin matasa a kansa ba, alhali yara biyu ne a tsakiyarsa. Thor da Loki suna tafiya dare ya yi musu, suka sauka a gidan wani manomi talaka. Thor ya yanka bunsuransa biyu masu jan kekensa, aka dafa, ya gayyaci mutanen gidan, ya shimfiɗa fatun ya ce kowa ya jefa ƙashi a kansu. Ɗan gidan, Thjalfi, ya sa wuƙa ya fasa ƙashin cinya don ya sha ɓargo. Da asuba Thor ya ɗaga gudumarsa a kan fatun, bunsuran suka miƙe da rai, amma ɗaya yana ɗingishi da ƙafar baya. Ya damƙe ƙotar guduma har gaɓoɓin yatsunsa suka yi fari. Manomi ya ce a ɗauki duk abin da ya mallaka, Thor ya ɗauki Thjalfi da 'yar'uwarsa Roskva su zama barorinsa har abada.

Daga nan suka isa fadar wani sarkin ƙattai, aka shirya gasa. Thjalfi, wanda babu mai gudunsa, ya yi tsere sau uku da wani yaro ana barinsa a baya. Loki ya yi gasar ci, abokin karawarsa ya cinye nama da ƙashi da akushin baki ɗaya. Thor ya kasa shanye abin da ke cikin ƙaho, ya kasa ɗaga kyanwa sai ƙafa ɗaya, wata tsohuwa kuma ta durƙusar da shi a kokawa. Sai da safe sarkin ya bayyana musu cewa Thjalfi da tunani ya yi tsere, Loki da wutar daji ya kara, ƙarshen ƙahon yana cikin teku, kyanwar macijin da ya kewaye duniya ce, tsohuwar kuwa tsufa ce da kanta. Ga kasada, ga dariya, ga yaro da ya yi kuskure ƙarami ya biya da rabuwa da iyayensa. Kuma ku lura, Thjalfi ba ɗan kowa ba ne, ɗan manomi ne. Wannan ya fi min labarin yaron da aka zaɓa tun kafin a haife shi.

Abban_Sadiq:
Malama Hafsat, wannan labari zan ba Sadiq shi yau da dare. Amma ki lura cewa babu wanda ya mutu a cikinsa, kuma duk da haka ya yi daɗi.

Sani_Dogo:
Ina da gyara guda biyu ga masu zanen bangon littattafan nan. Na farko, hular ƙarfe mai ƙaho ba ta mayaƙan Viking ba ce. Masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta, musamman bayan wani babban wasa da aka yi a Jamus a 1876. Hular da aka tono a wata gona a Norway a 1943 ba ta da ƙaho. Na biyu, Loki ba ƙanin Thor ba ne kamar yadda yara da yawa suka ɗauka. Mahaifinsa ƙato ne mai suna Farbauti, kuma da Odin ya yi rantsuwar 'yan'uwantaka ta haɗa jini. Ni a ganina Loki tamkar Gizo yake a tatsuniyoyinmu, shi ne mai jawo rigima, shi ne kuma mai dabarar fita daga cikinta.

Malamar_Adabi:
Kwatancen ya yi daidai a farkon labaransa, Malam Sani, kamar lokacin da ya rikiɗa ya zama ƙuda ya ciji mai zuga a fatar ido, har jini ya rufe masa gani ya saki zuga-zugin na ɗan lokaci, shi ya sa ƙotar gudumar Thor ta fito gajeriya. Amma daga baya ya wuce nan. Baldur, ɗan Odin da kowa yake ƙauna, ya yi mafarkin mutuwarsa. Mahaifiyarsa Frigg ta bi wuta da ruwa da ƙarfe da duwatsu da cututtuka da dabbobi ta karɓi alkawarin ba za su cutar da shi ba, ta bar kauci kaɗai don tana ganin ya yi ƙanƙanta. Loki ya yi shigar mace ya ji wannan sirri daga bakinta, ya tsinko kaucin, ya sa a hannun Hod, ɗan'uwan Baldur makaho, ya saita masa hannu. Da sarauniyar matattu ta ce za ta sake shi idan komai na duniya ya yi kuka dominsa, komai ya yi kuka sai wata tsohuwa guda a cikin kogo, wadda ake kyautata zaton Loki ce. Littattafan yau sukan mayar da shi mai barkwanci da ba a fahimce shi ba, domin masu karatu suna son sa. A nan ma an rage farashi.

Zee_Mai_Karatu:
Malama, da girmamawa, ba duka ba ne. Na karanta waɗanda jarumi yake rasa uwa ko aboki kuma ba su dawo ba. A jerin da na ambata ma, jarumin mutuwa yake yi tun a farkon littafi na ɗaya, sauran labarin daga Valhalla yake ci gaba, wato zauren Odin da mayaƙan da suka mutu a fagen fama suke zuwa, kuma a ƙarshe jinkirta Ragnarok kawai suka iya yi, ba su soke shi ba. Mu matasa muna gane lokacin da marubuci yake lallaɓa mu, kuma ba ma so.

Baffa_Dikko:
Mutuwar da mutum zai farka a zauren da ake cin nama kullum, a yi yaƙi da rana a tashi da yamma lafiya lau, ai ba ta da zafin mutuwa a wurin mai karatu, 'yata. A almarar ma ba kowa ke zuwa can ba. Rabin waɗanda suka faɗi a fagen fama wurin Freyja, 'yar'uwar Freyr, suke tafiya, wanda ciwo ko tsufa ya kashe kuwa sai ƙasar Hel.

Hafsat_Alkalami:
Akwai abin da ya kamata a ƙara a ma'auni, kuma yana goyon bayan Abban Sadiq ta wata fuska. Almarar ba ta tsaya a kan halaka ba. Gaskiya ne za a yi hunturu uku a jere babu bazara a tsakani, kyarkeci zai haɗiye Odin, Thor zai kashe macijin ya yi taku tara ya faɗi saboda dafi, wuta ta cinye duniya. Amma bayan haka ƙasa za ta sake tasowa daga teku tana kore shar. Vidar da Vali, 'ya'yan Odin, za su tsira. Modi da Magni, 'ya'yan Thor, su ne za su gaji gudumar. Baldur zai dawo, mutum biyu da suka ɓuya a cikin kurmi su sake cika duniya. Wato almarar da kanta a hannun 'ya'ya ta bar duniya, saboda haka marubucin da ya sa matasa a gaba bai kauce mata ba.

Malamar_Adabi:
Na yarda da rabin wannan, Malama Hafsat. 'Ya'yan sun gaji duniya, amma sai bayan sun rasa iyayensu, kuma babu ɗayansu da ya hana abin aukuwa. Littafin da nake fatan gani shi ne wanda zai fara daga nan, da Magni da Modi riƙe da gudumar da mai ita ya mutu, suna tunanin abin da za su gina da ita.

Mai_Bin_Tarihi:
A yi hattara da wannan ƙarshe mai daɗi. Masana sun daɗe suna jayayya kan ko sabuwar duniyar tana cikin tsohuwar aƙidar tun asali, ko kuwa tasirin Kiristanci ne ya shiga waƙar da ke ba da labarin Ragnarok kafin a rubuta ta. A wani kwafi na ƙarni na 14 akwai ƙarin baiti da ke maganar wani mai iko da zai sauko daga sama ya yi mulkin komai, kuma babu wannan baiti a kundin 1270 da na ambata ɗazu.

Ummu_Hanifa:
Na bi duk bayananku, kuma yanzu tambayata ta ƙaru. Malamar Adabi tana son a bar labaran da zafinsu, to daga shekara nawa? Na ji an ce hukuncin da aka yi wa Loki shi ne an ɗaure shi da hanjin ɗansa, maciji yana ɗiga masa dafi a fuska, matarsa tana tare dafin da kwano. 'Yata shekararta 12. Labarin Thjalfi da bunsuru zan iya karanta mata, amma wannan ban ga yadda zan yi in buɗe baki in faɗa mata shi ba, kuma ina son jin abin da sauran iyaye suke yi idan suka iso irin wannan shafi.